Kazata ta shiga kwanci ni kuma ba na son 'yan tsaki, ya zan yi da ita?

Maman Biyu, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu kiwon kaji ku taimaka min da shawara don abin ya fara damuna. Ina da kajin Hausa guda biyar a nan Tudun Wada ta Kaduna, gidan haya ne mu huɗu ne a ciki, ɗan lungun da ke tsakanin kicin da katanga shi mai gidan ya bar min na kafa akurki. Dama ba don komai nake kiwon ba sai don ƙwai, yarana biyu 'yan makaranta ne kuma kun san yadda kiret ya yi tsada yanzu, in na samu biyu ko uku a rana ai an rage wani abu.

To akwai wata ja a cikinsu, ita ce ma ta fi kowacce yin ƙwai, yau kwana tara kenan ta shige tsohon kwandon da suke saka a ciki ta ƙi fitowa. Nata ƙwan na kwashe tun ranar farko amma tana nan kwance ta baje fukafukai kamar mai rufe goma sha biyu. In na miƙa hannu sai ta kumbura ta tayar da gashin wuya tana wani gurnani, shekaranjiya ta sare ni a bayan hannu har da jini. Sau ɗaya take fita wajen hantsi, ta yi wani ƙaton kashi mai wari, ta ɗan caccaki dusa a gurguje ta sha ruwa ta koma da gudu. Jiya da na daure na ɗaga ta sai na ji ta sakayau, ƙashin ƙirjin nan har yana sukar hannuna, gashin wajen kuma duk ya zube sai fata kawai da zafi rau. Sauran kajin ta hana su sakat, ɗaya ta koma saka min ƙwai a bayan jarkar ruwa, ɗaya kuma sai ta hau gefenta ta saka ta sauka, ita kuma ta sa baki ta jawo shi ƙarƙashinta sai na dawo aiki da yamma in ƙwace.

Ni kuma gaskiya ba na son 'yan tsaki yanzu. Bara na bar ta ta ƙyanƙyashe guda tara, shirwa ta ɗauki biyu ina tsaye ina kallo, uku suka faɗa kwata da ruwan Agusta, sauran kuma sanyi na shigowa ciwo ya kwashe su, ƙaramin yarona kwana biyu yana kuka. Ga matan gidan suna ƙorafin kashi a tsakar gida, zakaran ma saboda cararsa da asuba na yanka shi da ƙaramar Sallah, kenan ko na bar mata ƙwan ina jin ba abin da zai fito. Ina son kazar nan wlh ba na son ta lalace a banza. Me ake yi ta daina?

Ɗan Rigasa

Wa alaikumus salam. Anti ai wannan abu ne mai sauƙi, mu tun muna yara kakarmu in kaza ta kafe da kwanci kama ta take ta tsoma a bokitin ruwan randa har wuya sau biyu ko uku, sannan ta ɗaure mata ƙafa ɗaya a jikin turke can nesa da gurbin. Wasu ma na ga suna kifa mata kwando su ɗora dutse a hana ta abinci kwana biyu wai yunwa za ta mantar da ita, akwai kuma masu soka mata gashinta a hanci ta yi ta fama da shi har ta manta da ƙwan. Ki gwada na ruwan ki gani. In ta ƙi kuma ai sabo da kaza ba ya hana yanka, ki yi wa yara farfesu ki sayo sagara a kasuwar Bakin Dogo.

Mai Kaji na Kawo

Ƙanina na Rigasa kar ka ji haushi amma dan Allah 'yar uwa kar ki soka mata gashi a hanci kuma kar ki hana ta abinci. Kazar da ta yi kwana tara tana cin abin da bai kai rabin cikinta ba, ke da bakinki kin ce ƙashin ƙirji ya fito, in aka ƙara mata yunwar kwana biyu a ƙarƙashin kwando ai gawa za a ɗaga. Kuma dukkanmu mun san hadisin matar nan da ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu. Dabbar da ke hannunka amana ce. Na ruwan ma ni na daina, yana ɗan yin aiki wani lokaci don zafin cikin ne yake saukarwa, amma yanzu damina ta kankama, ki jiƙa kaza da yamma hadari ya taso ta kwana a jiƙe, gobe ki tashi da mai mura. Ni na taɓa rasa wata baƙa haka, ina kallo ta takure a lungu kwana uku ta tafi, tun daga nan ban sake ba.

Ga abin da nake yi shekara da shekaru kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ki samu keji wanda ƙasansa ragar waya ce, irin wanda ake zuba buroila ko na zomo, in babu a gidan ki tambayi maƙwabta aro, in ma za ki yi naki ne masu walda a Panteka za su haɗa miki ɗan ƙarami ba wani tsada. Ki ɗora shi a kan bulo biyu ko huɗu yadda iska za ta riƙa bi ta ƙarƙashi. Kar ki shimfiɗa komai a ciki, ba tsumma ba kwali ba dusar katako, duk abin da za ta iya kwanciya a kai ta ɗumama cikinta ki cire. Ki sa mata ruwa da abinci wadatacce a ciki, ki ɗaure mazubin da waya don za ta yi ta zarya tana kifar da su ranar farko. Wurin ya zama mai haske, a inuwa dai ba cikin rana ba kuma inda feshin ruwan sama ba zai same ta ba, in da hali inda za ta riƙa ganin 'yan uwanta suna kiwo.

Dalilin kejin shi ne kaza mai kwanci abu biyu take nema, duhu da ɗumi a ƙirjinta, in kika raba ta da su biyun jikin da kansa yake sakin abin. Wadda aka kama da wuri kwana biyu zuwa uku ta ware, amma taki da ta yi kwana tara ki sa rai da huɗu ko biyar, wata ma har mako. Dare da rana za ta zauna a ciki, nan ne mutane suke kuskure, sai su ji tausayi su mayar da ita akurki da magariba ta koma kwandon ta kwana a kai, an koma gidan jiya kenan.

Bayan kwana uku ki buɗe mata da safe ki koma gefe ki zuba ido. In ta fito ta miƙe ta karkaɗe jiki ta shiga tono da birgima tare da sauran to an gama. In kuma ta fito tana wannan ƙuk ƙuk ƙuk ɗin a kumbure ta nufi kwandon kai tsaye, ki mayar da ita ki ƙara mata kwana biyu.

Sannan maganar ƙwan da ɗayar take saka mata ya wuni a ƙarƙashinta har yamma, wannan shi yake ƙara riƙe ta. Ki sa yaran in sun dawo makaranta su kwashe, ko wata a matan gidan ta taimaka miki da hantsi. Kwando ɗaya ma ya yi wa kaji biyar kaɗan, ki ƙara ɗaya.

Hajiya Inna, Badarawa

Sannu 'yata, Allah ya raya miki yaran. Jikata ce take rubuta min ina faɗa mata. Abin da ɗana na Kawo ya faɗa gaskiya ne ban ƙi ba, amma ni bari in kawo miki wata hanyar ki auna. Kaza mai zaman kwanci irin wannan da ko an sare hannu ba ta tashi, mu a wajenmu dukiya ce, ba kowace kaza take da wannan zuciyar ba, wata sai ta yi kwana goma ta watsar da ƙwai ya zama baragurbi. Yanzu lokacin ƙwan zabi ne, da damina suke zuba shi, ita kuma zabuwa ba uwar kirki ba ce, yawo za ta ja 'ya'yan cikin raɓa su ƙare. Shi ya sa tun iyaye da kakanni kaza ake sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe ta raina. Na kaza kwana 21 ne, na zabi yana kai 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar nan tamu ta gida kuwa sai 35 shi kam ban cika so a ɗora wa kaza ba don zaman ya yi mata yawa.

Na ji kin ce ba wuri a gidan kuma zabi ma sun fi kaji surutu, to ba a gidanki za a yi ba. In kina da 'yar uwa ko wata aminiya a wajen gari, irin su Rigachikun ko Maraban Jos inda akwai fili, sai ki kai mata kazar da daddare a cikin kwandonta a sa mata ƙwai goma ko sha biyu, in sun fito sun yi wayo a raba, a dawo miki da kazarki. Haka muke yi da ƙanwata shekaru da yawa, zabin da muke yankawa da Sallah duk daga nan suke.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, taki ta riga ta ci kwana tara a banza kuma kin ce ta rame, in aka ƙara mata wata guda a kai za ta sha wuya, ga rainon kuma wata biyu ba ƙwai. In na wannan karon ne ki bi ta kejin, amma ki riƙe wannan a ranki don za ta sake, mai hali ba ya barin halinsa. Ranar da ta sake in kin shirya tun daga kwanan farko sai ki ci moriyarta.

Kuma ki duba ƙarƙashin fiffikenta da gindin wutsiya, mai kwanci ba ta samun birgima sosai ƙwarƙwata takan taru mata. Ki tankaɗe toka mai sanyi ki haɗa da yashi ki zuba musu a wani tsohon baho.

Maman Biyu, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na gode Allah ya ƙara girma da lafiya, ina da yaya a Rigachikun kuma tana da fili, in Allah ya kai mu wani karon zan yi yadda kuka ce. Kuma kun yi gaskiya na duba yanzu da tocilar waya akwai wasu ƙananan abubuwa suna gudu a fatar.

Malam na Kawo, wani maƙwabcinmu yana da kejin zomo da ba ya amfani da shi ya ce in ɗauka. Tambayata biyu, da dare fa, muna da gafiya da muzuru a lungun nan ina tsoron su firgita ta ko su ja ƙafarta ta cikin wayar. Na biyu kuma ta yaya zan tabbatar kwanci ne ba ciwo ba, don wata a gidan tana ta ce min wai ciwo ne in yanka tun kafin ta mutu, maganar ta tsaya min a rai tunda na ga yadda na bara suka ƙare.

Abu Amatullah, Mando

Salam. Ni ɓangaren kiwon dabbobi na karanta a kwalejin noma ta nan Mando, bari in ɗan sa baki a tambaya ta biyu. Duk abin da kika lissafa alamun kwanci ne tsaf, ba na ciwo ba. Kaza marar lafiya ba ta da ƙarfin sarar mutum har jini, za ki gan ta ne a takure ido a lumshe fukafukai sun zubo, ko an kore ta ba ta gudu, abinci ma ba ta kula shi. Ciwon nan da yake share kaji lokacin hunturu, wanda muke kira Niyukasil, yana zuwa da zawo kore da wahalar numfashi wani lokaci wuya ya murɗe, kuma ba ya tsayawa kan kaza ɗaya har kwana tara sauran suna lafiya. Wadda ƙwai ya maƙale wa kuma za ki ga tana tsayuwa a miƙe gindi a ƙasa tana yunƙuri. Taki kuwa ido a buɗe, ga faɗa, tana fita ta ci da sauri ta koma, kashin nan ƙato mai wari ma tara shi take yi don kar ta ɓata gurbi. Gashin ƙirjin yawanci da shigar kwancin yake zubewa wani kuma ita take figewa don fatarta ta taɓa ƙwan kai tsaye. Ko zankonta ya ɗan koɗe kar ki damu zai dawo ja in ta kusa komawa saka.

Abin da yake faruwa a jikinta wani sinadari ne da ake kira furolaktin yake hauhawa, shi yake sa ta zaman kuma shi yake tsayar da yin ƙwai, kuma taɓa ƙwai da ɗumin gurbi su suke sa ya ci gaba da zama a sama. Ita ba ta san akwai zakara ko babu ba, ba ta ma san ko akwai ƙwai ba, shi ya sa in aka ƙyale ta tana iya wuce sati ukun tana jiran tsakon da ba zai zo ba. Ba taurin kai ba ne, duka ko tsawa ba sa yin komai.

Abu ɗaya da zan ja hankalinki, rashin zakara a gidanki ba tabbas ba ne in kajin suna fita waje ko na maƙwabta yana tsallako katanga, barbara ɗaya tana iya sa kaza ta yi ta saka ƙwai mai rai har wajen sati biyu ko fiye. Ƙwan da ya kwana uku huɗu a ƙarƙashin mai kwanci in mai rai ne jijiyoyin jini sun fara fitowa, don haka kwashewa kullum shi ne kwanciyar hankali.

Kajin Hausa haka halittarsu take, ta saka goma zuwa sha biyar sai ta nemi kwanci, shi ya sa ƙwan da suke yi a shekara bai da yawa. In ƙwai zalla kike so nan gaba ki haɗa da kajin gidan gona masu saka ko biyu ne, su an tace su har kwancin ya kusa fita daga jininsu, akwai ma Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta samar don yanayinmu. Sai dai su suna son abincin leyas da kulawa, dusa da tsaba kawai ba za ta riƙe su ba. Kuma kafin sanyi ya shigo ki nemi likitan dabbobi a yi wa duka rigakafin Niyukasil ɗin da ake kira Lasota saboda abin da ya same ki bara.

Kar ki ba ta wani magani da sunan na hana kwanci, ba ta buƙata.

Mai Kaji na Kawo

Maganar dare, ki shigar da kejin cikin kicin ko baranda in dai ana rufewa, a kan bulon dai yadda yake, da asuba ki fito da shi. In wayar ƙasan mai faɗin ido ce ki sa mata ɗan katako siriri a tsakiya kamar muciya ta riƙa tsayawa a kai, ba faffaɗa ba yadda za ta kwanta. Kwandon kuma ki zubar da shimfiɗar ciki ki ƙona, ki shanya shi a rana, don ƙwarin nan wasunsu a saƙo-saƙon kwando da katako suke ɓuya da rana su fito da dare su sha jini. Ki ɗan ƙara mata abinci mai kyau kwanakin nan, ko leyas ne rabin mudu ki gauraya da dusar.

Maman Biyu, Tudun Wada

Jama'a na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Ranar Asabar na sa ta a kejin. Ranar farko kam ba ta zauna ba, zarya take ta yi tana tura kai ta cikin waya tana kuka, sau biyu ta kifar da ruwan sai da na ɗaure gwangwanin da waya yadda Malam ya ce, wallahi har na ji kamar in buɗe mata. Ranar Lahadi ta fara cin abinci sosai. Ranar Talata da safe na buɗe don in gwada, ta fito ta ɗan yi tono kamar minti biyar har na fara murna, sai kawai na ga ta kumbura ta miƙe sai lungun da kwandon yake, da ba ta same shi ba ta kwanta a ƙasa a daidai wurin. Na ɗauke ta na mayar.

Ranar Alhamis na sake buɗewa. Wannan karon bahon tokar ta nufa, ta yi birgima ta fi ta minti ashirin tana watsa toka har kan wankin maƙwabciyata sai da na ba ta haƙuri, daga nan ta bi sauran, da magariba kuma ta hau katakon da suke kwana ta kwana tare da su. Kwana biyar kenan cif ta yi a kejin.

Kwanduna biyu ne yanzu kuma babbar 'yata ce take kwashe ƙwai in ta dawo makaranta kafin ta tafi Islamiyya. Yau kwana goma sha ɗaya da fitowarta, ƙirjin ya fara cikowa gashi na tsirowa, ɗazu da safe ina shirin fita na ji tana kyarkyara a bakin akurki amma dai ban ga ƙwai ba tukuna. Malam Abu ina ake samun masu yin rigakafin nan na kaji kaɗan irin nawa, ko sai mun haɗu da maƙwabta mun sayi kwalba ɗaya?